Abin da Aikin Kyamis Ya Koya Mini Game da Man Shafawa

Duk kwalbar man shafawa fuska biyu gare ta. Ta gaba ta 'yan talla ce: hoton gwanda ko karas, mace tana sheƙi, da alkawarin haske cikin mako guda. Ta baya kuwa, inda aka jera abubuwan da aka haɗa da ƙananan haruffan da sai an matse ido, ita ce ke faɗin abin da ke ciki. Aikin da nake yi a wani kantin magani a Kano, inda muke haɗawa da sayar da mayuka, shi ya mayar da ni mai juya kwalba. Yanzu ko gidan biki na shiga na ga mai a gaban madubi, hannuna ba ya haƙuri.

Ogana, wanda ya karanci harhaɗa magunguna, shi ya fara nuna mini ƙa'idar jerin. Ana farawa da abin da ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta, har a iso kan waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Su kam ana jera su yadda aka ga dama. Don haka sunaye biyar ko shida na farko su ne man. Na farkon kusan kullum aqua ne, wato ruwa. In kika ga gwandar da aka cika gaban kwalba da hotonta ta zo can ƙarshe, bayan turare da sinadarin hana lalacewa, to abin da aka zuba bai taka kara ya karya ba. Miya ce da aka ce ta nama, alhali ƙashi ɗaya aka jefa a tukunya.

Da na saba da sunayen sai na ga ashe mafi yawansu aiki uku kawai suke yi. Akwai masu jawo ruwa su riƙe shi a fata, kamar gilisarin da urea da hyaluronic acid. Akwai masu rufe fata don kada ruwan ya tsere, kuma a nan babu kamar basilin, wanda ake rubutawa petrolatum. Yana tare fiye da kashi 90 na ruwan da fata ke asara. Sai masu laushi, waɗanda ke cike tsagar fata su sa ta yi santsi, irin su man kaɗanya da man koko da ceramide. Bambancin loshan da kirim da mai kauri kuma duk a yawan ruwa yake: loshan ruwa ne mai ɗan maiƙo, basilin kuwa ba ruwa a cikinsa ko kaɗan.

Amfanin wannan sani a hunturu yake fitowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20, kuma lokacin ne mata ke zuwa da ƙorafin cewa man da suka saya da tsada ya daina aiki. Man bai canza ba, iska ce ta canza. Mai jawo ruwa yana son danshi. In babu a iska, kuma ba a rufe shi da komai ba, abin da ya jawo sai ya bi iska, fata ta koma gidan jiya. Shi ya sa nake ce musu su shafa da zarar sun fito wanka, jiki da sauran lema, su ɗora ɗan basilin ko man kaɗe a kai. Iyayenmu da ke dumbuza mana basilin kafin mu tafi makaranta ba su san waɗannan sunaye ba, amma daidai suke yi. A bazara kuma wannan kaurin ne zai toshe fata ya kawo ƙuraje, musamman ga mai maiƙon fuska.

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda adadi ke sauya aikin sinadari ɗaya. Urea a kashi 5 zuwa 10 laushi take sawa. A kashi 25 zuwa 40 kuwa narkar da mataccen kaushi take yi, ita ce ta masu faso da kanta a diddige, kuma ba a kai ta fuska. Salicylic acid na ƙurajen fuska tsakanin rabin kashi ne zuwa kashi 2. Niacinamide, wanda ke rage tabo sannu a hankali, kashi 2 zuwa 5 ya wadatar. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta adadin. Shi kuwa collagen da ake ƙara wa mai kuɗi saboda shi, ƙwayoyinsa sun yi girman da ba sa ratsa fata. A sama yake zama ya ɗan riƙe danshi, aikin da gilisarin mai araha ke yi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin ya fi cin raina shi ne mayukan ƙarin haske, domin yawancinsu ba man shafawa ba ne, magani ne aka sa wa kayan kwalliya.

Wata rana wata matar aure ta miƙo mini wani ɗan bututu da ta matse har ya lanƙwashe, ta ce in ba ta uku irinsa. Fuskarta fara tas, amma gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, jijiyoyi kore sun fito raɗau a kumatunta, ga wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun jeru a goshi. Na juya bututun: clobetasol propionate, kashi 0.05.

"Hajiya, tun yaushe kike shafa wannan?"

"Ai ya daɗe, 'yata. A cikin maina nake matsawa. In na bari kwana biyu sai fuskar ta hau ƙaiƙayi da zafi kamar an watsa barkono."

Clobetasol, na farko cikin abubuwa uku da ake cusawa a irin waɗannan mayuka, yana cikin mafi ƙarfin magungunan sitiroyid na shafawa, wato masu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Likitan fata kan rubuta shi don cuta mai tsanani, na ɗan taƙaitaccen lokaci, makonni kaɗan, kuma ba a fuska ba. Hasken da yake kawowa illarsa ce, ba aikinsa ba: yana takure jijiyoyin jini, ya rage launi, ya sirantar da fata. Da tafiya ta yi nisa sai nankarwa mai faɗi ta ɓarke a cinya da hammata, ciwo ya ƙi warkewa, ƙyasfi da makero su samu wurin zama. In ana shafe jiki duka da shi yana shiga jini, ya iya taɓa hawan jini da sukari. Ma'aikatan asibiti sun san wahalar ɗinke irin wannan fata bayan tiyatar haihuwa. Ɗan'uwansa betamethasone shi ke cikin mayukan nan masu haɗi uku, sitiroyid da maganin cututtuka irin su makero da kuma maganin ƙwayar cuta, waɗanda ake saya kamar alewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne uwar da ke shafa wa jariri irinsu don sabar kunzugu, ko don wai ya yi fari. Fatar jariri ta fi shanye magani, ga kunzugu ya rufe wurin ya ƙara tura shi ciki.

Na biyu shi ne hydroquinone. Shi aikinsa hana fata sarrafa launinta, kuma magani ne na gaske da likitoci ke bayarwa don tabo, na wata biyu ko uku a tsaya. Shafa shi shekara da shekaru, a ƙarƙashin ranarmu, shi ke kawo baƙin nan mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu da wuya, wanda ke da wuyar fita ko an daina. Mai shi kan ɗauka man ne ya yi rauni, sai ta nemi wanda ya fi ƙarfi. Tarayyar Turai ta cire shi daga mayukan kwalliya tun 2001, Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta bi sahu kan hydroquinone bayan haka. A nan Najeriya dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 a kayan kwalliya ba.

Na uku, zaiba, shi ne mafi muni kuma mafi wuyar kamawa, don ba kasafai ake rubuta shi ba. In an rubuta, za ki ga mercury ko calomel ko mercurous chloride. Ƙoda yake ci da jijiyoyi, yana ratsawa zuwa ɗan tayi da ruwan nono, har tawul da zanin gado yana bi ya shafi sauran mutanen gida. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan zaiba, ta 2013, ta sa masa iyaka a kayan kwalliya, daga baya ƙasashe suka amince a hana shi gaba ɗaya. Da na ga alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, cewa kashi 77 na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙarin haske, ban yi gardama ba. Abin da ke wucewa ta gabana kullum bai saɓa da haka ba. A 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kuma kada maza su yi dariya, suna saye, sai dai su ce aike ne.

Daga nan na fitar wa kaina ma'auni ɗaya: sauri. Fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Abubuwan rage tabo masu sauƙin illa, irin su niacinamide da bitamin C da azelaic acid, sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin bambanci, shi ma in ana kare fuska daga rana. Duk man da ya sauya launin mutum cikin kwana bakwai, ko da hoton karas goma ne a jikinsa, da alama akwai ɗaya daga cikin ukun nan a ciki.

Sai dai juya kwalba yana da iyaka, don yanzu kasuwar ta koma hannun masu haɗi. Roba ce fara ba rubutu, ko da ɗan suna mai daɗi da lambar waya, ana tallarta a Instagram da TikTok da sunan "oganik", ko a cusa ta cikin kayan gyaran amarya tare da dilka da halawa. Dilka da halawa na asali, waɗanda muka samo daga Sudan ta hanyar Maiduguri, goge fata suke yi su cire gashi, ba sa mayar da baƙa fara. Na sha ganin mai haɗi ta zo neman bututun sitiroyid dozin-dozin, kuma na san ba ciwon fata ke damunta ba. Ba ma sayar mata. Ta kan murguɗa baki ta fita, kuma na san kafin ta kai bakin titi ta samu.

Ita Hajiyar nan ban ba ta ukun da ta nema ba, amma kuma ban ce ta daina a ranar ba. Wanda ya daɗe kan sitiroyid in ya yanke farat ɗaya fuska kan yi ja, ta kumbura, ta yi zafi, kuma wannan ne ke mayar da mutane ruwa. Ogana ya rubuta mata takarda zuwa sashen fata na asibitin koyarwa, inda za a riƙa rage mata shi mataki-mataki, ya ce kafin nan ta riƙe mai marar turare da sabulu mai sauƙi, ta bar goge fuska da soso. Ya kuma gaya mata gaskiya cewa launinta na asali zai dawo, wataƙila ma ya fi da duhu na ɗan lokaci. Wannan maganar ce ta fi yi mata nauyi, ba batun sukari ko hawan jini ba.

Tun daga lokacin, kafin in miƙa wa mace man fuska sai na tambaye ta me take shafawa yanzu, da kuma ko tana da juna biyu ko tana shayarwa, domin retinol da tretinoin, waɗanda ke da kyau ga ƙuraje da tamoji, ba na mai ciki ba ne. Tambayar farkon ce ba a cika amsa mini da gaskiya ba, don haka nakan ce a zo mini da robar in gani.