Asabar, ni da Christopher da gawar kare

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Tun da hantsi na ɗauki littafin Mark Haddon, The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, wanda ya ci kyautar Whitbread ta 2003 a Ingila. Sallah da abinci kawai suka raba ni da shi.

Wani yaro ne ɗan shekara 15, Christopher, a garin Swindon. Cikin dare ya tarar da karen maƙwabciyarsu an soke shi da ƙarfen aikin lambu mai yatsu, ya ce shi fa sai ya gano wanda ya yi kisan. Da farko dariya na yi, wai bincike a kan kare!

Yaron akwai tsirfa. Ba ya son a taɓa shi, har ɗan sanda ya kai wa duka saboda haka. Ba ya cin abu rawaya ko ruwan ƙasa. In ya ga jajayen motoci huɗu a jere a hanyar makaranta, ranar ta yi kyau. In rawaya ne huɗu, ba zai kula kowa ba. Babobin littafin ma 2, 3, 5, 7, 11 suke tafiya, lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, domin su yake so.

Amma bayan la'asar dariyar ta ɗauke. Shi da ake wa kallon mai matsala bai iya ƙarya ba sam. Ubansa mai cikakken hankali shi ya ce masa uwarsa ta mutu, alhali tana Landan da ranta, wasiƙunta kuma yana ɓoye su cikin akwati. Karen ma shi ya kashe. Duk da haka na kasa tsanar mutumin. Tunda ɗan ba ya yarda a rungume shi, sai su buɗe yatsu su haɗa su, iyakar gaisuwarsu ke nan. Wurin nan ya taɓa ni ƙwarai.

Lissafin da ke ciki dai tsallakewa na riƙa yi, ba ni da kansa.

Inda yaron ya kama jirgin ƙasa shi kaɗai zuwa Landan, da ɓeransa Toby a aljihu, har ya sauka kan layin dogo don ɓeran ya kuɓuce, na ce "Innalillahi" da ƙarfi. Inna ta leƙo ta taga tana tambaya wa ya rasu.