Yadda muka shirya wa ranar da gari zai rufe

Na daɗe ina riƙe da harkar sito da lodi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano: taliya, man girki, sukari, sabulu. Muna ɗaukowa daga masana'anta mu sayar wa 'yan sari a Kasuwar Singa, wani kaso kuma ya bi ta Katsina da Jibiya, ya tsallaka Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Tsarin ko-ta-kwana da muke aiki da shi yanzu, juyin mulkin Nijar ne ya zaunar da mu muka rubuta shi.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Babu wanda ya fasa mana sito, ko kwali ɗaya ba a ƙona mana ba, amma kamfanin sai da ya kusa durƙushewa. Bashi ne ya so kayar da mu. Abokan cinikinmu na Maraɗi mutane ne masu amana, kuma al'adar ita ce mutum ya ɗauki kaya, ya biya idan ya zo ɗaukar na gaba. Hanya na rufewa, zuwa na gaba ya yanke. Kaya sun yi tsada a can, sun sayar, kuɗin na nan a sefa, sai dai tsallakowarsa ta zama aiki. Kuma ɗan kasuwar da bai san ranar da zai sake samun kaya ba, ba ya gaggawar sakin jarin da ke hannunsa. Ban ga laifinsu ba. Mu kuwa masana'anta na jiran kuɗinta a ranar da aka ajiye, ma'aikata na jiran albashi. Haka aka zauna har watan Maris 2024 kafin Najeriya ta buɗe iyakar.

A cikin wannan zaman ne ni da Alhaji mai kamfanin da akanta da shugaban direbobi muka yi ta haɗuwa bayan la'asar. Abin da muka fitar bai wuce 'yan shafuka ba, kuma rabinsa maganar kuɗi ce. Muka yanke cewa bashin da ke kan hanya ɗaya, ko Maraɗi ce ko Gusau, ba zai wuce abin da idan ya maƙale za mu iya ci gaba da biyan albashi ba. Muka ware albashin wata biyu a wani banki dabam da wanda muke ciniki da shi, da sharaɗin ba a taɓa shi don sayen kaya komai arharsu. Muka ajiye ɗan tsabar kuɗi na man mota da abincin direbobi, domin kowa bai manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da kuɗinka na banki amma ba ka iya sayen man gas a hanya.

Inda aka fi jan magana shi ne wa zai ba da umarnin rufe sito idan ba a samu Alhaji ba. Mutum ne da ya saba komai sai ya ji da kunnensa.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in abu ya tashi da hantsi kana cikin jirgi fa? Yara na tsakar lodi, tirela biyu a bakin ƙofa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, ka rufe. Amma in ka rufe a banza, cinikin ranar a wuyanka."

Akanta ne ya sa baki ya ce in dai haka ne babu wanda zai taɓa rufewa. A ƙarshe aka rubuta cewa ni ko akanta, duk wanda ke kusa, zai iya rufewa, kuma babu tuhuma ko da gari ya wuni lafiya. A ganina wannan layin ya fi duk sauran takardar amfani.

Direbobi kuma muka ba su umarni na dindindin, saboda abin da aka gani a Zamfara a watan Satumba 2021, lokacin da gwamnati ta sa aka katse layukan waya. Direban da ya ga hanya ta rikice kuma waya ba ta shiga, ba zai jira kowa ba: ya koma garin da ya baro, ya ajiye mota a garejin da muka riga muka yi magana da mai shi. Littattafan bashi ana ɗaukar hotonsu duk Alhamis a ajiye a intanet. Takardar inshora ma muka zauna muka karanta, sai muka tarar ta gobara ce zalla, ɓarnar tarzoma sai an ƙara kuɗi an shigar da ita da sunanta. Aka ƙara.

Gwajin ya zo a watan Agusta 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa. Wannan karon an sanar da rana tun da wuri, 1 zuwa 10 ga wata, don haka makon ƙarshe na Yuli muka yi aikinmu. Aka biya albashi kafin lokaci. Aka dakatar da lodin da ke shirin tasowa daga masana'anta. Man girki da taliya, waɗanda a zanga-zangar yunwa su ido zai fara kaiwa gare su, muka rarraba su zuwa ƙananan ɗakunan ajiya a unguwanni dabam-dabam, da daddare, a ƙananan motoci. Tireloli suka kwana a bayan gari. Babban siton aka bar shi da katan-katan na sabulu da fanko.

Ranar Alhamis 1 ga wata, kafin yamma ɓata-gari sun shiga cikin masu zanga-zanga, aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, da ko buɗe ta ba a yi ba, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mu tun daren Laraba ƙofarmu a garƙame take. Maigadi, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a wurin, na ja shi gefe na ce, "Baba, in sun zo da yawa ka bar musu ƙofar. Kada ka ɗaga ko sanda." Bai ji daɗin maganar ba, ya ɗauka raini ne.

Abin da takarda ba ta iya yi, 'yan dakonmu ne suka yi shi. Yawancinsu matasan unguwar ne, masu cin na yau da na yau, kuma dokar hana fita a wurinsu yunwa ce kai tsaye. Tun cire tallafin mai a watan Mayu 2023 ake jin jiki, wasunsu ma sun fita zanga-zangar, kuma ban tambayi kowa ba. Kafin mu rufe mun ba kowannensu taliya da mai da ɗan kuɗin cefane, muka kai wa mai unguwa gaisuwa muka gaya masa halin da ake ciki. Da wasu baƙin fuska suka fara zagaye layin, waɗannan yaran ne suka baje tabarma a bakin siton suka zauna, suna cewa nan wurin cin abincinsu ne. Sai aka wuce. Na san wuraren da suke da katanga da ta fi tamu tsayi kuma ba su tsira ba.

Da aka sassauta dokar, dawo da kaya ya ci mana kuɗin mota da na dako sau biyu, ga hayar ɗakunan. Kuɗin albashin da ke kwance a banki kuwa, duk wata darajarsa raguwa take yi, kuma duk lokacin da sukari zai tashi sai Alhaji ya tuna mini da su. Iyakance bashi ma ya jawo mana asara: wasu daga cikin tsofaffin abokan cinikinmu na Maraɗi sun ji haushi da aka ce su biya rabi kafin lodi, suka koma wurin masu ba su kaya a sake. Har yanzu muna ja da akanta a kan ko a ɗan ɗaga musu ƙafa. Shi yana cewa a bari sai an ga yadda zaɓen 2027 zai wuce.