Kwana Huɗu a Akokan

A cikin hunturun 2022 na tashi daga Tawa da asuba domin in gaida kawuna, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana aikin haƙar uraniyom a arewacin Nijar. Hanyar da motarmu ta bi ita ake kira hanyar uraniyom, domin saboda manyan motocin ma'adinin aka shimfiɗa ta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit. Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne kacal, amma sai da muka ci kusan yini guda, domin kwaltar ta farfashe har direba yakan sauka ya bi ta cikin rairayi.

Da muka zo mararrabar Tchirozérine, wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna gabas ya ce can kamfanin SONICHAR yake ƙona kwal domin samar da lantarkin da ma'adinan ke aiki da shi. Abin ya tsaya mini a rai: da wutar kwal ake tono abin da ke kunna tashoshin nukiliya na Faransa, ƙasar da ke samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, alhali Nijar ba ta da irin wannan tasha ko ɗaya, kuma a lokacin yawancin wutar Yamai daga Najeriya ake sayo ta.

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu, sannan COMINAK ta biyo baya a 1978 da haƙar ƙarƙashin ƙasa a Akouta, kusa da Akokan inda kawu yake zaune. Tun kafin mu shiga gari na hango wasu tuddai masu faɗin kai, na ɗauka duwatsun Abzin ne, sai dattijon nan ya yi dariya ya ce ai tarkacen da aka tace ne aka tsibe.

Na tarar da kawu a ƙofar gida da rawaninsa, yana dafa shayi. Watanni goma ke nan da rufe COMINAK, a ranar 31 ga Maris 2021, bayan da ma'adinin ya ƙare, kuma ma'aikata kusan 600 suka rasa aikinsu, ban da 'yan kwangila da masu sayar musu da abinci. A ɗakinsa hular ƙarfensa mai fitila tana rataye a ƙusa, fentin goshinta ya goge saboda gugar rufin rami. Ya ce mini, "Ɗana, zurfin mita 250 muke shiga, ba ka sanin dare ko rana sai agogo ya gaya maka." Ya faɗe shi ne da alfahari, kamar tsohon soja.

Maganar tururin guba da uraniyom ke fitarwa kuwa a tsakar gida na fi jin ta, wajen matar kawu, wadda ba ta sayen tukunya ko ƙarfen rufi a kasuwar garin sai an kawo mata daga Agadas. Tsoron nata yana da tushe. Ƙungiyar kare muhalli ta Arlit mai suna Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta, shi ma ma'aikacin ma'adini, ita ta gayyato masu bincike na CRIIRAD, wata cibiya mai zaman kanta da ke auna tururin guba, daga Faransa a 2003, kuma suka ba da rahoton samun gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna titunan Akokan da ruwan rijiyoyi, ta ce ta samu wuraren da gubarsu ta zarce ƙa'ida. Kamfanin Areva na Faransa, wanda a lokacin yake gudanar da SOMAÏR da COMINAK, kuma yanzu ake kira Orano, ya ce yana bin ƙa'idojin duniya, kuma an kwashe ƙasar wasu titunan daga baya. CRIIRAD ta ƙiyasta tarkacen da COMINAK ta bari da kusan tan miliyan 20.

Abin da na lura da shi a kwana huɗun nan shi ne, adawar mutanen Akokan ba irin ta masu zanga-zangar Turai ba ce da ke neman a rufe kome. Mutumin da ke tsoron ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga tuddan, shi ne kuma ke addu'ar a buɗe Imouraren, wani babban wurin haƙar uraniyom a kudancin Arlit, domin ɗansa ya samu aiki. A ganina wannan ba ruɗewa ba ce, domin a garin da ba noma ba kiwo sosai, rami shi ne gona.

Ranar da zan dawo kawu ya rako ni tasha da ƙunshin cuku da dabino. A watan Yuni na 2025, da gwamnatin soja ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, shekara guda bayan ta ƙwace lasisin Imouraren daga hannun Orano, na kira shi in ji ra'ayinsa. Ya ce ya ji a rediyo kuma ya yi murna, sannan ya yi shiru kaɗan ya ce, "To, ɗana, tuddan nan na bayan gari fa, an ce wa zai ƙarasa binne su?"