Masar a kwana biyar? Zo ka ji yadda ta kaya da ni

Ɗan yayata ne ya zo gaishe ni ranar Asabar, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba ya zaro waya, wai Kawu duba min tsarin nan. Yaron ya fara aiki, ya tara ƴan kuɗinsa, fasfo ya fito, biza ta fito, zai je Masar yawon buɗe ido, fitarsa ta farko kenan in ka cire Maraɗi da ya taɓa raka mu biki. Na karɓi waya ina ta gungurawa abu ya ƙi ƙarewa. Dalar Giza da safe, gidan tarihi da rana, Azhar da kasuwar Khan Khalili da yamma, washegari Iskandariyya a je a dawo, a daren a hau jirgin ƙasa zuwa Luksor, daga nan Aswan, daga nan Abu Simbel can bakin iyakar Sudan, a dawo Alƙahira a yi sayayya, kuma wai duk a kwana biyar. Na ce wa ya haɗa maka wannan, ya ce a TikTok ya tsinto. Na buɗe baki zan fara faɗa sai kunya ta kama ni, don wallahi takardar da na rubuta da biro lokacin da ni zan je ba ta da maraba da tasa, tawa ma har da dutsen Ɗuri Sina a ƙasa, wai in lokaci ya ragu.

Amma ku tsaya, kar ku yi min dariya tukun. A gidanmu ba wanda ya taɓa hawa jirgi sai don aikin hajji, kuɗin tafiyar kuma adashe na kwasa na haɗa da kuɗin babur ɗina da na sayar, ka je Wapa ka yi canji ka ga yadda damin naira ya koma ƴan takardu da ba su cika aljihun gaba ba. Mutumin da ya yi haka in ka ce masa je ka zauna a gari ɗaya ka huta, ai zagi ne. Lissafina shi ne ba lallai in sake takowa ƙasar nan ba har in mutu, to kowace awa kuɗi ce, kuma gani ya kori ji. Har yau ban ce wannan lissafin hauka ne ba. Yadda na aiwatar da shi ne dai abin takaici.

Giza na fara zuwa, da tsakar rana, a watan zafi, don barci ya kwashe ni da safe. Babbar dalar nan ta Khufu ta haura shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali wajen mita 146, dutse ɗaya a layin ƙasa ya kusa kai min ƙirji, amma ni agogo nake kallo. Wani mai raƙumi ya tare ni da salamu alaikum ɗan'uwa, daga Najeriya, marhaba, hau kyauta ne hoto kawai. Na hau. Raƙumi ya miƙe, ya ja ni can cikin yashi inda ba kowa, sai a nan na ji cewa hawa ne kyauta, sauka da kuɗinta. Kuna ganin ɗan Kano da ya girma a bakin kasuwa a ce an yi masa haka? An yi min, na biya, har na ce masa shukran. Daga nan na yanki wani tikitin daban na shiga cikin dalar, hanya ce ƴar siririya a duƙe kake hawa, gumi har cikin takalmi, ka isa ɗakin sarkin ka tarar ba komai sai akwatin dutse wanda babu ko murfi. Na leƙa na juyo da gudu don direban tasi na jira. Gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, Abul Haul, ta bayan kafaɗar wasu Turawa na hango shi, na ɗau hoto na wuce.

Shi kuma direban maimakon gidan tarihi sai ya ce bari ya fara nuna min inda ake yin takardar fir'auna ta asali, minti goma kawai. Shago ne. Daga shi sai na turare, a kawo maka shayi, a shafa maka wannan a shafa maka wancan, ka ji nauyin fita hannu rabbana. Kamashonsa yake nema bawan Allah, ban ma ga laifinsa sosai ba yanzu, ni ne na miƙa wuya. Yammacin ranar dai a nan ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai a Azhar ya faru. Masallacin da aka aza tubalinsa a shekarar 970, wanda tun muna yara muke jin wane ya tafi Azhar karatu kamar an ce ya tafi sama, na shiga na yi raka'a biyu na fito tsakar gidan ina waya da gida da ƙarfi, ina cewa ga ni a Azhar. Sai wani matashi ya matso ya ce sannu Alhaji, daga ina? Ɗalibi ne ɗan Damagaram, ya yi shekaru a can. Muka gaisa kamar mun san juna, ya ce gobe ba shi da darasi, in ina so zai zagaya da ni da ƙafa da motar haya, ba sai na kashe kuɗi ba. Ya lissafa min masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879 mai hasumiyar da matattakalarta ke nannaɗe ta waje, da masallacin Sultan Hasan da aka gina da makarantu huɗu a ciki, kowace mazhaba da tata har da tamu ta Malikiyya, da masallacin Amru bin Asi wanda shi ne na farko a Masar, da hubbaren Imam Shafi'i. Sannan ya ce akwai kabarin Imam Suyuɗi ma. Ku fa gane, Suyuɗin da ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka rubuta Jalalaini da ake ja mana baki da shi kowane azumi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Mutumin da mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana ambaton sunansa a zaure. Na ce wa yaron nan Allah ya saka da alheri amma ina da jirgin ƙasa da daddare. Ko lambarsa ban karɓa ba.

To amma tikitin na riga na saya, ba a mayar da kuɗi, kuma Luksor ɗin ma ai ba wasa ba ce, me kuke so in yi? Haka nake faɗa wa kaina duk lokacin da abin ya taso min. Wani lokacin yana aiki.

Alƙahira zuwa Luksor ya haura kilomita 600, awa tara zuwa goma a jirgin ƙasa, na sayi kujerar zama don ta fi ta kwanciya araha, esi ya kaɗa ni har asuba ban runtsa ba, ga wani abu da na saya na ci a tasha ya fara min magana a ciki. Muka sauka cikin zafin da ya wuce digiri 40. A Karnak, tsohon wurin bautar zamanin fir'aunoni da ke Luksor, akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, manyan cikinsu sai mutane da yawa sun haɗa hannu za su zagaye ɗaya, duk an sassaƙe su da zane. Ni abin da na fi tunawa a wurin shi ne inda bayi yake. Kwarin Sarakuna tikiti ɗaya kabari uku yake ba ka, na Tutankamun da aka gano a 1922 kuɗinsa daban, na shiga ɗaya na fito na zauna a inuwa. Abu Simbel kuma daga Aswan wajen kilomita 280 ne, tun kafin asuba mota ke tashi, sama da awa uku zuwa, sama da awa uku dawowa, cikin hamada. Na tsaya gaban gumakan Ramsis na biyu guda huɗu masu tsayin wajen mita 20 ina hamma. Sai bayan na dawo gida na ji cewa gaba ɗaya ginin yanka shi aka yi gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968 don kar ruwan madatsar Aswan ya shanye shi. Ina tsaye a wurin ɗan jagora yana ta bayani da hannu, ashe abin da yake faɗa kenan, ni ina neman wanda zai ɗauke ni hoto. Ɗuri Sina kuwa ko hanyar ban gani ba.

Na zagaye Masar ne kamar yaron da aka aika aka tofa yawu a ƙasa aka ce kar ya bushe bai dawo ba. Da na dawo ana ta zuwa sannu da zuwa ina nuna hotuna, a ce nan ina ne in ce Karnak, can kuma in ga kamar Aswan ne, sai in ce duk dai wajen fir'auna ne. Hajiyarmu tambaya ɗaya ta yi min, ta ce ka ga kogin da aka saka Annabi Musa a akwati? Na ce na gani. Ban yi ƙarya ba, na tsallaka shi ta gada a cikin tasi sau da dama, na hange shi ta tagar jirgin ƙasa, amma ko sau ɗaya ban zauna a bakinsa ba, ƴan kwale-kwalen nan masu filafilai da ake haya da la'asar ma ban hau ba, wai ɓata lokaci ne.

Na zauna ne da niyyar in jero muku shawarwari da yawa masu lamba, amma yanzu da na zo wurin na ga ba su da yawa, kuma na san rabinku ba ku karanto har nan ba, kun tsallake kuna neman inda aka sa farashi.

Ka zaɓi gari ɗaya. Alƙahira kaɗai ta ishe ka ta yi saura. Wuri babba ɗaya a rana, ka fita da sassafe kafin rana ta buɗe da motocin ƴan yawon buɗe ido, da rana ka koma masauki ka kwanta, da yamma ka taka da ƙafa titin Mu'izz daga Bab Futuh zuwa Bab Zuwaila, ka ci koshari, abincinsu na shinkafa da taliya, ka zauna. Ka buɗe taswira ka auna nisa kafin ka rubuta sunan gari, Alƙahira zuwa Abu Simbel ya kai Kano zuwa Legas har ya ɗan ɗara, wa ya taɓa cewa zai leƙa Legas ya dawo a cikin hutun da zai ga Kano? Amma kuma tsakani da Allah, mutum ya je Masar ya dawo bai ga Karnak ba, kuma wataƙila ba zai sake zuwa ba, ni ba zan iya ce masa ya yi daidai ba. To ka je. Amma ka hau jirgin sama, wajen awa ɗaya ne, ka kwana a can, ka jefar da Iskandariyya da Abu Simbel daga takardar. In kuɗin jirgin ba su isa ba ka haƙura da Luksor ɗin. Na san yanzu na ce kar ka haƙura, kai dai ka ji da shi.

Kuma don Allah ku riƙa duba ranar da aka yi bidiyon da kuke kwafa. A tsarin yaron nan an rubuta a je gidan tarihi na Tahrir a ga gawarwakin fir'aunoni, alhali tun watan Afrilun 2021 aka kwashe su zuwa gidan tarihi na Fusɗaɗ, kayan Tutankamun kuma suna sabon babban gidan tarihi da aka buɗe kusa da dala a Nuwamban 2025. Waya a hannunku dare da rana, data ba ta yanke muku, amma abin da zai ɗauke ku minti biyu ku bincika ba za ku yi ba, sai dai wace kusurwa ce hoto ya fi kyau. Mu da muka yi shirme aƙalla ba mu da abin tambaya a aljihu. Ku je tsakanin Nuwamba da Maris, ba watan Yuli ba. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, katin banki kuma ka tabbatar yana aiki a waje tun kana gida, don wuraren tarihi da yawa yanzu da kati ake yankar tikiti, kuma kuɗin baƙo ba ɗaya yake da na ɗan ƙasa ba, kar ka tsaya musu a taga. Raƙumi, doki, tasi, kwale-kwale, a yi ciniki a gama kana ƙasa, har da kuɗin dawowa.

In ka ji Hausa a Azhar ko a unguwar Hayyul Ashir ka tsaya ka gaisa, ku yaran yanzu gaisuwa ma wuya take muku, kunne a toshe da waya. Ɗaliban nan sun san garin fiye da duk wani mai bidiyo. Sai dai ba barorinka ba ne, karatu ya kai su, in ɗaya ya ba ka yininsa ka biya masa mota da abinci, ka sa masa wani abu a aljihu ba tare da ya tambaya ba, kar kuma ka tare a ɗakinsu don gudun kuɗin otal. Hoto kuwa ku ɗauka, ban hana ba, ni ma da ba don hotunan ba da ba abin da zan riƙe. Amma ka fara kallon abin da idonka tukun.

Saura tsaraba. Ranata ta ƙarshe gaba ɗaya a Khan Khalili da Ataba ta ƙare ina neman abaya mai kalar da wata gwaggo ta kwatanta min da baki, ga jallabiyoyi, ga man habbatus sauda, ga turare, a filin jirgi aka ɗora jaka a sikeli ta zarce kilo, na biya kuɗin da ya fi na abayar, na kuma zube wasu kayan a nan ina ji ina gani. Gwaggon ta ce ba kalar ba kenan. Kar ka sanar da tafiyarka a zauren WhatsApp na dangi sai ana gobe. Wanda ya ba ka saƙo ya haɗo da kuɗinsa da kuɗin kilonsa, wanda bai haɗo ba ka sayo dabino leda ɗaya a raba.