Godiya ga duk wanda ya zo kallon fim ɗinmu a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da kewaye. Tun daren Asabar da muka haska fim ɗin nan wayata bata huta ba, kira da saƙon murya na WhatsApp sai shigowa suke, wasu yabo wasu faɗa wasu kuma tambaya kawai, shi yasa nace bari in rubuta guda ɗaya da zai isa ga kowa a madadin dukkanmu da muka haɗa aikin. Mun gode, wallahi mun gode, Allah ya saka muku da alheri ya bar zumunci.

Alhamdulillah an yi taro lafiya an tashi lafiya, babu wanda ya ji ciwo babu abin da ya ɓata. Godiya ta farko bayan ta Allah ga Jauron unguwarmu da ya bamu izini kuma ya zo da kansa ya zauna har ƙarshe, ranka ya daɗe mun gode. Sai Baba mai filin da muka kafa farin zane a jikin katangarsa, ko dala bai karɓa ba, sai ma ya sa jikokinsa suka share wurin suka yayyafa ruwa saboda ƙura. Sai Kawu da ya ara mana gurup ɗinsa wato janareta har da mai a ciki, kun dai san yanayin da muke ciki in zafi ya kama ruwan dam ɗin Lagdo da ke bamu lantarki ya ja baya, wuta sai a hankali, in ba dan gurup ɗin nan ba da kallo ya tsaya a tsakiya. Iyayenmu mata da suka kawo folere wato zoɓo mai sanyi da makala suka raba wa yara, 'yan moto wato masu babur da suka yi ta kai tsofaffi gida bayan an tashi, da waɗanda suka turo mana gudunmawa ta Orange Money da MoMo tun muna ɗaukar fim, wani jaka ɗaya wani jaka biyar, duk Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Na ga mutane daga Yelwa, Lopere, Marware, Pumpumre, har wasu samari daga Pitowa suka hawo moto suka zo suka koma cikin dare. Ku sani wannan ba ƙaramin abu bane a wurinmu. A ƙasar nan tamu ta Kamaru tun farkon 2009 aka rufe gidajen sinima uku da suka rage, na Yawunde da Duwala da Bafusam, sai a 2016 aka sake buɗe wani a Yawunde, to mu nan arewa wanda ke son ya ga fim a babban allo sai ya shiga mota zuwa Ngaundere ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde tukuna. Yawancin yaran da suka zauna a tabarma a gaba ranar Asabar basu taɓa kallon fim tare da jama'a haka ba, kowa da wayarsa da memori ɗinsa ya saba, shi kaɗai a ɗaki. Da na ji fili guda ya ɗauki dariya lokaci ɗaya sannan ya yi tsit lokaci ɗaya, ƙwalla ta cika min ido.

Wanda bai samu zuwa ba ya yi haƙuri zan ɗan buɗe labarin dan maganar da zan yi ta fito. Samari ne uku, ɗaya ɗan moto, ɗaya yaron shago, ɗaya ya gama makaranta yana zaune ba aiki, suka ji labarin wani tsoho ya karɓi kuɗin audugarsa ya ajiye a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Suka haura gidan da dare wuta ta ɗauke, cikin duhu da rawar jiki suka sungumi akwatin da ba shi ba, na marigayiya uwar tsohon ne wadda a zamaninta 'yar bori ce, ba komai ciki sai ƙwarya da jan ƙyalle da wuri da guntun turare. Moto ya mutu musu a hanyar gadar Binuwai, suka fara jin wani gurnani yana binsu, daga nan sauran fim ɗin duk ƙoƙarinsu ne na maida akwatin nan inda suka ɗauko kafin asuba, kuma duk dabarar da suka yi sai ta ƙara jefa su cikin wata masifar.

To abin da yafi sa ni rubutun nan shine ra'ayoyinku, domin bayan an kashe na'ura mutane basu tafi ba, aka tsaya rukuni rukuni ana ta musu har sai da Baba mai fili ya leƙo yace dare fa ya yi.

Samari dai mafi yawansu dariya ce ta kama su, wurin da ɗan moto yake karanta Ayatul Kursiyyu ya kasa kaiwa ƙarshe saboda haƙoransa na haɗuwa sai ya koma farko, da wurin da suka yi ta turawa juna akwatin kowa na cewa ai kai ne babba kai ka riƙe, naga wani har ya faɗo daga benci. Wasu sunce in da so samu ne a bar fim ɗin barkwanci zalla irin wanda muka saba gani daga Kano, a cire duhun da shirun nan masu tsawo dan suna jan lokaci. Na ji ku kuma na gode, amma ni a ganina shirun nan ne yake haifar da dariyar, sai da zuciyarku ta tsinke kuna jiran wani abu ya fito daga bayan bishiya sannan akuya ta fito, da akuyar ta fito tun farko ba tare da kun jira ba ba wanda zai ko murmusa.

Iyayenmu mata kuma akwai waɗanda abin bai yi musu daɗi ba, kuma bazan ɓoye ba. Wata Goggo ta riƙe hannuna tace ɗana ba a wasa da mutanen ɓoye, tace haɗa tsoro da dariya kamar zuba sukari ne a miyar kuka, kowanne da wurinsa. Goggo na gode da kika faɗa min a fuskata baki tafi kina yi a bayana ba, kuma maganarki ta tsaya min a rai. Wani Malam da nake girmamawa sosai shi kuma damuwarsa daban ce, yace kar yara su tashi da tunanin cewa ƙwarya ko jan ƙyalle suna da wani iko, iko na Allah ne shi kaɗai. Allah gafarta Malam muna tare da kai a kan wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi yasa in kun lura daga farko har ƙarshe bamu nuna aljani ko sau ɗaya ba, ba farin mayafi ba jan ido ba ƙafar jaki. Gurnanin nan da ya sa wasu yara suka ɓuya bayan iyayensu, wanda mutane da yawa suka tambaye ni da wace manhaja muka yi shi, muryar dorina ce, da waya muka ɗauka a bakin Binuwai da magariba wani masunci ya nuna mana inda suke fitowa, Allah ya saka masa shima. Hasken da yake bin samarin tocilan mai gadi ce. Jinin da ke rigar yaron shago folere ne da muka dafa ya yi kauri. Kusan duk abin da ya tsorata su akwai dalilinsa a cikin fim ɗin ga wanda ya sa ido, laifin da suka ɗauko ne yake maida musu kowane motsi abin tsoro.

Nace kusan, saboda akwai ƙofar nan da ta rufe kanta lokacin da suka ajiye akwatin. Kai jama'a, a kan ƙofar nan kaɗai an yi musu kamar za a daku. Wasu sun rantse iska ce dan an nuna labule na kaɗawa kafin nan, wasu sunce tsohon ne ya ja da igiya dan tun farko yana farke yana jinsu, wata ƙanwata tace ita dai ta san tsohuwar ce ta karɓi kayanta. Duk wanda ya kira ni a kan wannan amsa ɗaya na bashi, mu da muka rubuta ma bamu haɗu a kan magana ɗaya ba sai muka barta a haka, kuma haka zata zauna.

Amma ra'ayin da ya fi taɓa ni daga wata Hajiya ya zo, bata yi magana a fili ba sai washegari ta aiko saƙon murya. Tace ita duk gurnani da duhun nan basu tsorata ta ba, inda jikinta ya yi sanyi shine ƙarshe lokacin da unguwa ta farka aka fara ihun ɓarawo ɓarawo, aka fito da sanduna da duwatsu aka rutsa ƙaramin cikinsu a lungu. Tace ta taɓa ganin irin haka da idonta a kasuwa shekarun baya kuma har yau in ta tuna bata iya cin abinci. A wurin kallon ma kun ji yadda abin ya kasance, da aka fara korar samarin mutane suna dariya, wani daga baya ya ɗaga murya yace rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya aka yi shewa, amma da kyamara ta tsaya a fuskar yaron yana haɗa hannu yana kiran innarsa sai fili ya mutu, ba ka jin komai sai ƙarar gurup.

Mutane da dama sun roƙe mu mu yanke wannan wurin, sunce ya kashe musu daɗin fim, sun zo dariya sun koma gida da nauyin zuciya. Na fahimce ku wallahi kuma ban raina maganarku ba, amma dan Allah ku yi haƙuri wannan wurin bazai fita ba, saboda shi muka yi fim ɗin. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu daga Garwa zuwa Marwa zuwa Kusiri ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da sunan sata kafin jandarma su iso, wani lokaci ma ba shi bane ya ɗauka, ihu kawai ya faɗa kansa. Bamu ce sata abu ne mai kyau ba, samarin nan sun yi laifi kuma fim ɗin bai wanke su ba, biyu sun ƙare a hannun hukuma. Amma mun so mai kallo ya yi dariya da yaron nan na tsawon awa guda, ya san sunansa ya san yana tsoron akuya ya san innarsa na jinya, sannan ya ganshi a tsakiyar sanduna ya tambayi kansa ko zai iya ɗaga dutse. Da tsohon da aka yi wa satar ya buɗe ƙofa ya jawo yaron ciki ya tsaya a bakin zaure yace wa taron wannan baƙona ne, wasu sunce ba mutumin da zai yi haka a zahiri. Wani dattijo da ke kusa da ni kuwa yace shi ya san wanda ya taɓa yi, kuma har yaron ya girma ya zama mutumin kirki. Baba na gode da wannan shaidar.

Akwai kuma wani Kawu tsohon jandarma da ya yi ritaya, ya zaunar da mu ya yi mana bayanin yadda ake rubuta bayanin wanda aka kama da yadda ake miƙa shi gaba, yace in zamu yi wani fim mu zo ya taimaka mana kyauta. Kawu mun riƙe maganar nan fa, zamu zo.

Maganar yare ma an yi ta sosai. 'Yan wasanmu sun yi magana yadda muke yi a titi ne, Hausa da Fillanci da Faransanci a cakuɗe, wasu baƙi da suka zo daga Yola sunce sun rasa wasu barkwancin, wasu maƙwabtanmu da basa jin Hausa sosai suma haka. Mun ji, za a sa rubutun fassara a ƙasa kafin haskawa ta gaba, wani ɗalibi daga jami'ar Ngaundere ya ɗauki nauyin na Faransanci Allah ya bashi sa'a a karatunsa. Waɗanda ke cewa mu tura shi bikin fina-finai na Écrans Noirs a Yawunde, wanda ake yi tun 1997, mun gode da kuka ga ya kai, muna shawara a kai ku taya mu da addu'a.

'Yan wasana, ku da kuka kwana cikin sauro a bakin kogi bayan kun wuni a wurin nemanku, ba wanda aka biya a cikinku, da ƙanina da ya zauna kan kwamfutar aro yana haɗa hotuna har idonsa ya yi ja, da iyayen da suka yarda 'ya'yansu suka fito duk da surutun mutane, bani da abin da zan baku sai addu'a, Allah ya buɗa muku ya sa wannan ya zame muku tsani.

Roƙo ɗaya gareku 'yan uwa, naga wasu sun ɗauka da waya lokacin kallo, dan girman Allah kar ku tura wa kowa kar ku sa a Facebook ko TikTok, hoton ba kyau sautin ba kyau kuma zai kashe mana kasuwa tun bamu maida bashin da muka ci ba. Insha Allah za a sake haskawa bayan sallar isha'i a wata unguwar, mata da yara zasu samu gefensu kamar wancan karon, zan sanar da rana da wuri da zarar Jauron can ya amsa mana. Wanda yake da ra'ayin da bai faɗa ba, yabo ne ko suka, ƙofa a buɗe take ya same ni ko ya aiko. Sannan akwai tabarmi biyu da fulas ɗin shayi da aka manta a fili, suna gidan Baba mai fili, mai su ya je ya karɓa. Mun gode, Allah ya bar mu tare.