Rayuwa da Kunne Guda, Kashi na Uku: Watannin Farko Bayan An Ce Ba Zai Dawo Ba

Makon jiya mun tsaya a ɗakin likita tare da mutumin da kunnensa ɗaya ya daina ji farat ɗaya, takardar gwajin ji tana shimfiɗe a kan tebur. Layin kunne ɗaya yana can sama inda ya kamata, na ɗayan kuwa ya nutse ƙasa. An sha maganin sitiroyid na mako ɗaya zuwa biyu, wasu har allurarsa aka yi musu ta cikin dodon kunne, an ɗauki hoton MRI don a tabbatar babu ƙari a kan jijiyar ji, amma layin bai ɗago ba. Yau za mu raka mai kunne gudan nan zuwa gida, mu ga yadda watanninsa na farko suke tafiya.

Kafin nan, ga wanda bai karanta kashin baya ba. Idan kunnenka ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, cikin kwana uku ko ƙasa da haka, kada ka zauna jiran ya buɗe da kansa. Rufe bakinka ka yi gunji, "mmm". In sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, galibi datti ne ko ruwa ya tare hanya. In kuwa ya gudu zuwa kunne mai lafiya, ana zargin cikin kunne ne ko jijiya, kuma likitan kunne ya kamata ya gan ka a ranar. Magani ya fi kamawa a makonni biyu na farko, bayan nan dama sai raguwa take yi.

Abin da ke fara ba mutum tsoro a gida shi ne waya. Tana ƙara a ɗaki, kana jinta sarai, amma ba ka san inda take ba. Ka ɗaga matashi, ka leƙa ƙarƙashin kujera, duk inda ka juya kamar daga ɓangaren kunnenka mai lafiya sautin yake fitowa, alhali ga ta can kan taga a bayanka. Ba ruɗewa ka yi ba. Ƙwaƙwalwa kwatanta kunnuwa biyu take yi kafin ta gane inda sauti ya taso. Ƙarar da ta fito daga dama tana riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ta fi ƙarfi a can. Da wannan ɗan bambanci take auna wuri. Kunne ɗaya ya tafi, ma'aunin ya tafi tare da shi.

Dabarar ita ce ka daina zagaye. Tsaya wuri ɗaya, ka juya kanka a hankali daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ka lura da inda sautin ya fi kaifi: wurin da kunnenka mai lafiya yake fuskanta a lokacin, can abin yake. Bayan watanni ƙwaƙwalwa takan koyi tsintar wasu alamu daga lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne, musamman ga sautin da ta saba da shi, sai dai ba ta komawa kamar da. Don haka a kunna wa waya walƙiyar fitila idan kira ya shigo, mutanen gida kuma su canja yadda suke kira. Yarinya ta ce "Baba!" kawai, uban zai waiga hagu ya waiga dama. Ta ce "Baba, ina bayanka, bakin ƙofa," magana ta ƙare.

Sai babbar matsalar, wadda mutane suka fi jahilta. Kan mutum katanga ne. Sauti mai kauri yana iya kewaye shi ya isa ɗaya kunnen, siririn sauti kuwa, daga wajen girgiza 1,500 a daƙiƙa zuwa sama, kai yana tare shi, har yakan rage masa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 15 zuwa 20. To, wasula da hawa da saukar murya duk a ɓangaren kauri suke, su kuwa baƙaƙe irin su s, sh, ts da f sirara ne. Shi ya sa idan aka yi maka magana ta mataccen ɓangaren kana jin muryar, kana ma gane ta wane ne, amma kalmomin sun zo a goge. "Tsaya" da "saya" sun zama ɗaya. "Fara" da "sara" haka, "sa" da "sha" haka. Mai magana ya ga ka juyo, ya ɗauka ka ji, kai kuma rabin zancen kawai ya iso gare ka. Daga nan ake fara cewa ai yana ji, abin da ya ga dama ne yake amsawa. Wannan zargi yana ciwo, kuma ba gaskiya ba ne.

A wuri mai hayaniya abin ya ninka. Mai kunne biyu ƙwaƙwalwarsa tana ware muryar da yake so daga sauran surutu, saboda kowane sauti da inda ya fito. Ga mai kunne guda komai ta ƙofa ɗaya yake shigowa a cakuɗe, muryar abokin hira da ƙarar fanka da kukan yaro. Yana ciko gurbin kalmomin da suka ɓace da hasashe, yana karanta leɓe, yana jujjuya wuya, awa biyu a taro sai ya fito kamar wanda ya yi dako. Wannan gajiya ta gaske ce. Minti goma a wuri shiru tsakanin zama da zama yana rage ta sosai, kuma bai kamata a ji kunyar tashi a nemi wurin ba.

A ganina, rabin maganin rayuwa da kunne ɗaya yana cikin inda ka ajiye jikinka. Ƙa'idar ba ta da wuya: mataccen kunne ya fuskanci bango ko tushen hayaniya, mai lafiya ya fuskanci mutane. A dogon tebur, ƙarshe za ka nema, inda kowa zai kasance ta ɓangarenka mai ji. Wanda kunnen hagu ne ya mutu masa, ya zauna yadda babu kowa a hagunsa. Ka riga mutane isa don ka zaɓi kujera, domin in an riga an zauna, roƙon canji yana da nauyi a baki. Ka matso kusa: a fili, duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakaninka da mai magana da rabi, muryarsa tana ƙaruwa da kusan desibel 6. Haske ya kasance a fuskarsa, kada taga ta kasance a bayansa, don ka ga leɓensa. Ɗaki mai labule da shimfiɗa ya fi ɗaki mai tayil da bango tsirara, saboda amsa-kuwwa tana ƙara dagula baƙaƙen da dama da ƙyar suke isowa.

A tafiyar ƙafa, abokin tafiya ya riƙa bin ɓangarenka mai ji. A mota mai sitiyari a hagu, direban da kunnen dama ya mutu masa shi ya fi wahala, domin fasinja yana mataccen ɓangaren, iskar taga kuma tana dukan mai lafiyar. Ya rufe gilashi, ya kashe rediyo, magana mai muhimmanci a bari sai an tsaya. Jiniya ko hon in ya ji, madubi zai duba, kada ya yarda da inda kunnensa ya ce masa abin yake. Tsallaka titi ma haka: duba ɓangarorin biyu, ka sake dubawa, musamman mataccen ɓangaren, domin babur yana iya isowa kafaɗarka kafin ka san da shi.

Faɗa wa mutane kuwa, gajeriyar magana ta fi aiki. "Kunnena na hagu ba ya ji, don Allah dawo ta damana." Ba sai an kawo tarihin ciwon ba. Za su manta, har na jikinka, saboda ba abu ne da ake gani a fuska ba, sai ka sake faɗa ba tare da fushi ba. Idan kalma ta kuɓuce maka, "me ka ce?" yana sa a maimaita duka jimlar da irin muryar farko. Gara ka mayar da abin da ka ji, ka tambayi gurbin: "Ka ce mu haɗu ranar Laraba ƙarfe nawa?" Masu yi maka magana su ma su sani ihu ba ya taimako, murɗe sauti yake yi. A fuskance ka, a sassauta gudu, in kalma ta ƙi shiga a canja ta da wata.

Da dare wani abu yana faruwa da ba a cika gargaɗin mutane a kansa ba. Ka kwanta a kan kunne mai lafiya, duniya ta yi tsit. Barci yana daɗi haka, amma agogo zai yi ta ƙara ba ka ji ba, haka kukan jariri, haka bugun ƙofa. Agogon hannu mai girgiza, ko na'urar girgiza da ake sa wa ƙarƙashin matashi, su ne mafita. A waya kuma akwai saitin da ake kira Mono audio, a Android da iPhone duka, cikin sashen taimaka wa masu buƙata ta musamman. Kunna shi yana haɗa sautin hagu da na dama wuri ɗaya, in ba haka ba duk abin da aka ware wa mataccen kunnen a karatu ko bidiyo ya wuce ka.

Ƙugin kunne, wato ƙarar da mutum ke ji cikin kunnensa alhali babu abin da ke yin ta a waje, yakan zauna a mataccen ɓangaren, wani kamar kukan gyare, wani kamar iska. Shiru ne ke ƙara masa ƙarfi. A bar sauti mai laushi a ɗaki, fanka ko sautin ruwan sama, a saita shi ƙasa kaɗan da ƙugin, kada ya rufe shi gaba ɗaya, don ƙwaƙwalwa ta koyi yin watsi da shi. Ga mafi yawan mutane damuwarsa tana raguwa da watanni. In akwai jiri kuma, kwanciya tsawon yini tana jinkirta sauƙi. Motsi a hankali ne ke koya wa jiki sabon daidaito, kuma likita zai iya tura ka wurin masu koyar da atisayen ido da kai.

Yanzu kunnen da ya rage. Ba shi da mataimaki, don haka abin da mai kunne biyu zai yi sakaci da shi, kai ba naka ba ne. Ƙara mai desibel 85 awa takwas ce iyakarta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai da na'ura za ka gane ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya kai matakin haɗari. Toshiyar kunne ta soso tana aiki ne kawai in an sa ta daidai: murza ta tsakanin yatsu har ta zama siririya, zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, tura ta ciki, ka riƙe da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta kumbura. Wadda rabinta ke leƙowa waje kusan ado ce. Tsinken auduga kada ya shiga wannan kunne, datti yake turawa ciki, kuma yana iya huda dodon kunne. Duk likitan da zai rubuta maka magani ya san kunne ɗaya gare ka, domin wasu magunguna, irin su jentamaisin da sitireftomaisin da wasu na ciwon daji, suna iya taɓa ji. Shi zai auna ko akwai madadi, kada ka yanke magani da kanka. Gwajin ji sau ɗaya a shekara, kuma ranar da ka ji mai lafiyar ya dushe, ranar za ka je asibiti.

A wajen wata na biyu ko na uku ne yawanci ake kawo maganar na'ura. Na'urar ƙara ji ta yau da kullum ba ta amfanar kunnen da ya mutu gaba ɗaya, tun da babu abin da zai karɓi sautin komai ƙarfinsa. Abin da ake fara gwadawa shi ne CROS, dabarar da aka bayyana a Amurka tun 1965. Guda biyu ce: ta mataccen kunne makirfo ce kawai, tana ɗaukar sauti ta aika ba tare da waya ba zuwa ta kunne mai lafiya. Katangar kai ta faɗi ke nan, wanda ke zaune a mataccen ɓangarenka yanzu "tsaya" ɗinsa ta fito da ts ɗinta. In kunne mai lafiyar shi ma ya ɗan raunana, akwai BiCROS, wadda ke ƙara masa ƙarfi a lokaci guda.

Amma a shiga da ido buɗe, domin da yawa suna saya su jefa a aljihun tebur. CROS ba ta dawo da gane inda sauti ya fito, har yanzu kunne ɗaya ne ke ji. Idan hayaniyar ce ke mataccen ɓangaren, na'urar za ta kwaso ta ta zuba a kunnenka mai kyau, ka koma ƙasa da inda kake ba tare da ita ba. A irin wannan wuri rage ta ake yi ko a kashe makirfon. Robar da ke shiga kunne mai lafiya dole ta zama mai huji, in an sa rufaffiya za ta toshe jin da kake da shi, muryarka ta riƙa yi maka kamar kana cikin tulu. Aika sauti ba tsayawa yana cin batir da sauri. Mai amfani da ƙananan batura na cirewa ya ɓare takardar da ke bayansu ya jira minti ɗaya ko biyu kafin ya saka, saboda iska ce ke tayar da su. Idan sauti ya ɗauke, kafin a ce ta lalace a duba ɗan matacin da ke bakin lasifikar, sau da yawa dattin kunne ne ya toshe shi, canja shi kuma aikin minti ɗaya ne. Gumi da laima suna kashe ta, a kwantar da ita cikin akwatin busarwa da dare. Kuma a nemi gwaji na makonni biyu zuwa huɗu kafin biya, a sa ta kullum a wuraren da ake shan wahala na gaske, domin a ɗakin gwaji mai shiru kowace na'ura daɗi gare ta.

Mako mai zuwa za mu shiga hanyoyi biyu da suka haɗa da tiyata: na'urar da ke aika sauti ta ƙashin kai, wadda aka fara dasawa a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin a 1977, da kuma dashen da ake zurawa cikin katantanwar kunne, wato sashen can cikin kunne da ke karɓar sauti, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi wa masu kunne ɗaya a 2019, tare da bayanin wanda ya dace da kowacce da wanda bai dace ba.