Godiya ga duk wanda ya zo daren majigi a Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka. Sai yau na samu natsuwar zama in rubuta godiya, don gajiyar ranar Juma'a ba ta sake ni ba sai jiya.

Waɗanda ba su samu zuwa ba suna ta tambaya, me ya haɗa Bahaushe da wani daraktan Indiya har ake kama istiraha, wato gidan taro na haya, saboda shi? Ga yadda abin ya faro. Abokin aikina a shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki mutumin Hyderabad ne, shekara tara muna tare. Wata rana ya ji ina rera waƙar mai bandiri ta fim ɗin Sargam, wadda iyayenmu suka haddace tun zamanin silimar Plaza da Eldorado a Kano. Ya ajiye aikin hannunsa ya ce, ka san wanda ya ba da umarnin fim ɗin nan? Na ce ban sani ba. Mu Rishi Kapoor da Jaya Prada muka sani, ba mu taɓa tsayawa karanta sunayen da ke wucewa a farkon fim ba. Ya ce K. Viswanath ne, mutumin yankinsu, kuma Sargam na 1979 ba shi ne gwaninsa ba, sai na ga Sankarabharanam tukuna.

Na gani, kuma na kasa riƙe shi ni kaɗai. Shi ya sa muka shirya kallon Sankarabharanam tare, muka zaɓi 2 ga Fabrairu. A rana irin wannan fim ɗin ya fito a 1980, kuma a rana irin wannan mai shi ya bar duniya a 2023, yana da shekara 92. Mutum ne da ya fara da ɗaukar sauti a situdiyo a Madras kafin ya zama darakta, ya yi fim sama da 50, har gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Dadasaheb Phalke, wadda babu ta sama da ita a harkar fim a ƙasar. Wanda ya fara sana'a da kunne, ba mamaki ya yi fim ɗin da waƙa ce ke jan labarinsa.

Godiyata ta farko ga abokin nan nawa da mai ɗakinsa. Shi ya samo fim ɗin, ya yi mana bayanin rayuwar daraktan da Larabcinsa na kasuwa, ita kuma ta aiko da biryani tukunya biyu ba tare da an roƙa ba. Allah Ya saka musu da alheri.

Sai ƙanwata. Fim ɗin da harshen Telugu aka yi shi, ba Hindi ba, ko kalma ɗaya ba mu tsinta. Ita ta zauna gefen labulen mata da makirufo tana karanta rubutun Turancin da ke ƙasa tana mayar da shi Hausa, sama da awa biyu. Abin da ya fi burge ni, duk inda aka shiga waƙa sai ta yi shiru ta bar mu da muryar. Galibi muryar S. P. Balasubrahmanyam ce, wanda matasanmu suka sani a bakin Salman Khan cikin Maine Pyar Kiya. Ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka.

Baba Alhaji, kai ne ka fi kowa ba ni tsoro, kuma kai ne ka fi kowa faranta mini rai. Tun kafin a kunna majigi ka kira ni gefe ka ce ka ji waƙoƙin akwai na bautar addininsu a ciki. Gaskiya ka faɗa, akwai su, kuma na sanar da kowa haka tun farko. Ba don aƙida muka taru ba, don labarin tsohon mawaƙi ne wanda zamani ya juya wa baya: jama'a suka ƙaurace masa saboda ya ba wata baiwar Allah da kowa ke ƙyama mafaka a gidansa, sannan sabon kiɗa ya zo ya kwashe masu sauraro, gidan da ake cika ya koma kango. Ka zauna har ƙarshe. Da aka zo inda numfashin tsohon ya ɗauke a tsakiyar waƙa a gaban taro, ƙaramin almajirinsa ya ɗauka daga inda ya tsaya, na gan ka kana goge ido da gefen rawani. Bayan an kunna fitila ka ce abin ya tuna maka da ranar da labarin rasuwar Mamman Shata ya iske ku a Makka a 1999, kuka yi ta tambayar juna wa zai ɗauki amshin nan. Daga nan hira ta koma kan Ɗanƙwairo da Narambaɗa, da yadda 'ya'yanmu da aka haifa a nan ba su iya kawo ko baiti ɗaya nasu. Abokina Ba'indiye ya ce a sa masa waƙar Shata ya ji, aka sa masa a waya, ya yi ta bin kalangun da yatsa a kan gwiwa. Ban taɓa zaton zan ga haka a Jidda ba.

Samarin unguwar Hindawiyya da suka ɗauko majigi da lasifika, suka kuma gyara wayar da ta katse ana tsaka da kallo cikin minti goma, na gode ƙwarai. Iyayenmu mata da suka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da yayana da ya cika kuɗin istirahar a ɓoye ya ce kada in faɗa, ku yi haƙuri, na faɗa. Mutanen Makka da suka kama hanya ƙarfe ɗaya na dare, mun ji kun isa lafiya, alhamdulillahi.

An bar kula babba guda ɗaya da butar gahawa a wurin, suna gidana. Kuma Baba Alhaji ya yi alkawarin fito da kaset-kaset ɗinsa na Shata idan an sake zama, don haka duk mai rediyon kaset da har yanzu ke aiki ya yi mini magana.